Kawu Kashe-Tukuna da Kwamfutar Malama

A gidan ruwa ba kowa ya san Kawuna da sunansa na gaskiya ba. Kashe-tukuna suke ce masa, tun daga manyan ofis har masu gadin ƙofa, shi ma kuma yana amsawa ba tare da ya ji komai ba. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana kula da injinan da ke tura ruwa cikin gari, a wani dogon ɗaki mai rufin kwano, inda sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji abin da kake faɗi. Aikin nasa bai wuce ya zauna a kan benci ya kasa kunne ba. Da zarar wani inji ya sauya kuka, komai ƙanƙantar sauyin, sai ya miƙe ya ja makunni ya kashe shi, sannan ya tafi neman injiniya. Ba ya tambaya kafin ya kashe, sai bayan ya kashe.

Tun yana sabon ɗauka ya koyi wannan hali. Wata rana wani babban inji ya fara gurnani da tsakar rana. Wanda ke bakin aiki ya tafi ofis neman izinin kashewa, ya tarar shugaban ya fita, ya tsaya jiransa. Kafin ya dawo injin ya cinye kansa. Rabin gari ya yi makonni yana bin masu jarka. Kawu yana cikin waɗanda aka sa su kwance injin, kuma ya ce da ya ga yadda ƙarfe ya narke ya manne da ɗan'uwansa, sai ya rantse ba za a sake yin haka yana zaune ba.

A wurin aiki halin ya yi masa rana. An sha kiransa ofis a wanke shi tas saboda ya tsayar da inji a kan abin da bai taka kara ya karya ba, amma har ya yi ritaya inji bai taɓa mutuwa a hannunsa ba. Ba shi da takardar shaidar komai sai wannan, kuma duk wanda ya zauna da shi rabin sa'a sai ya ji ta. Matsalar ita ce idan ya tashi daga aiki ba ya barin halin a can, da shi yake tahowa gida.

Mu 'ya'yan dangi da muke zuwa hutu gidansa mun ɗanɗana kuɗarmu. Ana tsakiyar kallo, talabijin ta ɗan yi tsaki, sai ka ga duhu, Kawu na tsaye a jikin bango da filogi a hannu. Fanka ta yi ƙara, a kwana cikin zafi. Ya taɓa kashe firij don ya ji ya yi wata irin girgiza, bai gaya wa kowa ba, sai da wari ya gaya wa gidan. Ni 'yar ƙanwarsa ce, kuma tun ina ƙarama nake ganin mutumin kirki ne wanda zama da shi sai mai haƙuri.

Mai haƙurin kuwa ita ce matarsa. Malamar firamare ce, kowa Malama yake ce mata, har shi. Ita kuma Injiniya take ce masa, duk da ta fi kowa sanin bai taɓa zama injiniya ba. Idan ta ga ya karkata kai yana sauraron wani abu, tun kafin ya yunƙura sai ta ce, "Injiniya, zauna. Numfashi firij ɗin yake yi, ba mutuwa ba." Wani lokaci ya zauna, wani lokaci ya yi kamar zai je shan ruwa ya bi ta bayan firij ɗin.

Da Malama ta bar koyarwa, sai ta sayi wata tsohuwar kwamfuta ta tebur, irin mai akwati a ƙasa da allo a sama. Ta ajiye ta a lungun falo kusa da taga, ta ɗinka mata mayafi da ragowar yadin labule. Ranar da aka kawo ta ta kafa doka a gaban kowa: wannan injin ba na gidan ruwa ba ne, ko da hayaƙi yake yi ba ruwan Injiniya da shi. Da farko tambayoyin jarrabawa take buga wa tsofaffin abokan aikinta. Da idonta ya fara rauni, sai Auta, ƙaramar 'yarsu da aure da aiki suka kai ta nesa, ta aiko mata da makirfo. Daga nan Malama ta koma naɗar murya. Takan zauna da la'asar ta naɗa wa jikoki labarai da ƙidaya da waƙoƙin aji, a tura musu wasu ta waya, sauran su yi ta taruwa a cikin kwamfutar.

Malama ta rasu bayan 'yar gajeriyar jinya. Gida ya cika, ya kuma watse. Auta ce ta ƙarshen tafiya. Kafin ta tafi ta shafe wani yini a gaban kwamfutar tana 'yan danne-danne, ta juyo ta yi wa babanta wani bayani mai tsawo, ya ce to. A kwanakin nan da za ka ce masa rufin gidan ya tashi, to zai ce maka.

Sai da gida ya yi tsit sannan Kawu ya ɗaga mayafin, ya karya dokar. Da laluben linzamin kwamfutar, ɗan abin nan da ake ja a tebur a danna, ya kai ga muryoyin. Ya saurare su ɗaya bayan ɗaya, duk da muryarta ta aji ce, wadda take ja wa kalma wutsiya don yaro ya fahimta. A can ƙarshe ya tarar da wani fayil da ya fi sauran tsawo nesa ba kusa ba. Ashe wata rana ta gama naɗa wa jikoki labari ta manta ba ta kashe makirfon ba, ya yi ta ɗauka har magariba.

Ba wani abu a ciki. Ana jin kujera ta yi ƙara, ana jin tana ninke wanki tana kakkaɓewa, tana ɗan rera wani abu a ƙasan maƙoshi. Can ta ɗaga murya ta ce, "Kai da ka shayar da gari guda, famfon kicin ɗinka na ɗiga tun watan jiya." Ana jin Kawu daga wani ɗaki yana cewa roba ce, zai sayo. Ta ce haka ya ce wancan makon. Sai dogon shiru. Sai firij ya tashi da girgizarsa, sai ƙarar silifas ɗin Kawu, sai ta ce, "Injiniya, zauna," ta fashe da dariya.

Wannan fayil ɗin ya zama abincin Kawu na biyu. Kullum in ya ci na rana sai ya ɗaga mayafi, ya kunna, ya zauna a kujerarta. Ba mutum ba ne mai faɗin abin da ke ransa, don haka ni zan faɗa masa: kewarta ce take cinsa, kuma nan ne kaɗai wurin da har yanzu take magana da shi, ba da jikoki ba. Babu kwafinsa a wayar kowa. Yana cikin akwatin nan na lungun falo, shi ke nan.

Ba a daɗe ba ya lura da wani abu. Kusan lokaci ɗaya kowace rana, yana tsakiyar sauraro, sai fankar da ke cikin akwatin ta ɗauki gurnani. 'Yar fitilar gaba ta yi ta ƙyafta ido ba hutawa, muryar Malama ta fara sarƙewa tana maimaita kalma. A ƙarƙashin gurnanin kuma akwai wata 'yar ƙara, ƙas, ƙas, wadda ba kowane kunne zai kama ba. Kunnen Kawu ya kama ta tun ranar farko. Bai taɓa komai ba, bai buɗe komai ba, amma ga inji yana aiki shi kaɗai kamar wani ya sa shi.

Ya kira abokinsa Mita. Mita tsohon mai karanta mitar ruwa ne, tare suka yi ritaya, kuma tun da ya sayi babbar waya ya zama masanin duk abin da ke amfani da lantarki. Ya zo ya gyara zaman tabarau, ya danna wasu madannai uku a tare, sai ga wani allo ya fito da jerin duk ayyukan da kwamfutar ke yi a ɓoye. Suna da yawa, kowanne da lamba a gabansa tana hawa tana sauka. Na saman yana da wani dogon suna na Turanci a cakuɗe da lambobi, kuma shi ya kwashe kusan duk ƙarfin injin.

"Kai ka buɗe wannan?" in ji Mita.

"Ni da ko sunansa ban iya karantawa ba?"

"To ɓarayi ne. Suna zaune a wata ƙasa, su turo maka shi ta intanet, ya yi ta zuƙe abin da ke ciki. Dubi nan, ai ga shi yana fitar da kaya waje."

Kawu ya duba. Da gaske lambar da Mita ya nuna tana motsi. Ya ce, "Har muryar?"

"Har ita. Ai ba sa zaɓe."

Mita ya nuna masa yadda ake dangwala sunan, a gangara ƙasa a danna inda ake tsayar da aiki. Kawu ya karɓi linzamin ya danna da kansa. Sunan ya ɓace. Fanka ta yi ajiyar zuciya ta lafa, fitilar ta daina ƙyafce-ƙyafce, Malama ta ci gaba da ninke wankinta lafiya lau. Mita ya ce tun da suka bar aiki bai ga fuskar Kawu ta saki kamar ranar ba. Har bakin titi ya raka shi, yana ta yi masa godiya.

Washegari abin ya dawo. Kawu ya kashe shi. Jibi ya dawo, ya kashe shi. Sai ya zama masa aiki, kuma in gaskiya za a bi, ya ji daɗin samun aikin. Ya koma yadda yake a da: zama, kasa kunne, tashi, kashewa. Yakan ma riga shi, ya buɗe allon ya ɗora yatsa a kan linzami yana jiran sunan ya leƙo. Wasu ranakun abin yakan yi taurin kai, allo ya daskare, linzami ya ƙi motsi, gurnani na ƙaruwa. A irin wannan rana Kawu ba ya tsayawa ja-in-ja. Bango yake nufa ya zare filogi, kamar yadda ya saba da babban makunni, ya ɗan jira, ya mayar. Haka ya yi ta yi wata da watanni.

Auta tana kira duk mako. Sau da yawa takan tambaye shi, "Baba, ana samun wuta kuwa? Intanet ɗin gidan na aiki?" Ya ce ana samu, ana ɗaukewa, kamar kullum. Ta ce kwamfutar Mama fa? Ya ce lafiyarta lau, kullum yana kula da ita. Bai gaya mata labarin ɓarayi ba don kada hankalinta ya tashi, ga ta da ƙananan yara. Ita kuma ba ta matsa ba, don ta san halin wutar unguwar.

Ni aikin jinya nake yi, ranar hutuna nake leƙa shi in auna masa jini, in duba ko yana shan maganinsa. Yawanci da safe nake zuwa. Ranar da aka yi dace na makara, na tarar da shi da Mita sun sa kwamfutar a gaba kamar masu gadin maƙabarta. Fanka ta tashi, Kawu ya kai hannu.

Na ce, "Kawu, mene ne wannan?"

"Ɓarawo ne. Ki tsaya ki ga yadda nake yi da shi."

"Wa ya ce ɓarawo ne?"

Mita ya gyara murya ya ce, "'Yata, wannan harkar sai wanda ya sani."

Ni ma ban sani ba, amma a wurin aikinmu ba a ba da magani sai an karanta abin da ke jikin kwalba. Na roƙi Kawu ya ɗan ɗaga hannu, na ɗauki hoton allon da waya na tura wa Auta. Ban kai ga mayar da wayar jaka ba ta kira. Na sa yadda kowa zai ji.

"Yaya, me kuke yi da wannan? Kar a taɓa shi! Baba na kusa?"

"Ina jin ki," in ji Kawu.

"Baba, ni na sa shi. Shi ne yake kwashe muryoyin Mama yana kai su ma'ajiya ta intanet, don ko kwamfutar ta lalace kada mu rasa su. Ta tsufa, Baba. Kullum da rana yake tashi, sai ya bi ya duba komai tukuna sannan ya fara turawa. In aka katse shi, washegari daga farko yake somawa. Ina ta ganin saƙo wai bai kammala ba, na ɗauka wuta ce."

Kawu ya dubi sunan da ke saman allon. Sannan ya ce, "Kin gaya mini?"

"Na gaya maka ranar da zan tafi. Ka ce to."

"Nawa ya kai can?"

Ta duba. 'Yan na farko-farko ne kawai, waɗanda dama akwai su a wayoyin jikoki. Dogon yana can ƙarshen layi, ko kusa da shi ba a je ba. Ana cikin haka Mita ya tuna ya bar ƙofar gidansa a buɗe, ya zura takalmi ya fice, ko sallama bai yi da kyau ba.

Aka yi shawara a bar abin ya yi aikinsa. Kawu ya koma can ƙarshen falo ya zauna, ya juya wa kwamfutar baya. Amma an makara. Abin ya yi ta gurnani har yamma bai gama dubawar ba, allo ya daskare, 'yar ƙarar nan ta ƙas-ƙas ta fito fili har ni ina jinta daga kicin. Da safe Kawu ya kira ni ya ce ya kunna ta ta ƙi tashi, sai wani rubutu fari a kan baƙi. Muryarsa ba ta yi mini daɗi ba. Na nemi wata ta riƙe mini aiki, na zo na naɗe akwatin a mayafinsa muka sa a mota.

Shagon gyaran yana ƙarƙashin matakalar wani bene, a layin masu sayar da waya. Tsawonsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Kwamfutoci a farke birjik har rufi, wayoyi a rataye a ƙusa, ga warin dalma da ƙura. Mai gyaran wata mata ce mai ƙarancin magana, da 'yar tocila a ɗaure a goshi. Ta ba Kawu benci, ta kunna akwatin, ta kara kunne.

Kawu ya ce, "Akwai wata ƙara a ƙasan ta fankar. Ƙas, ƙas. Kamar ƙarfe na neman wurin zama bai samu ba."

Ta ɗago ta dube shi. "Tun yaushe kake jinta, Baba?"

"Tun farko. Da ƙyar ake jinta a lokacin."

"Kunnenka bai yi ƙarya ba. Ita ce cutar."

Ta yi mana bayani a taƙaice. Gurnanin fanka ba komai ba ne, inji ne ke aiki yana shan iska. 'Yar ƙarar kuwa daga faifan da ke riƙe da duk ajiyar take fitowa, allurar da ke karanta shi ce take tuntuɓe. Da tun lokacin aka kawo, da an kwashe komai cikin sa'a guda. Ta tambaya ko wuta na yawan ɗaukewa ana tsakiyar aiki, don ta ga alamar an sha katse faifan yana juyi, kuma hakan na ƙara masa rauni. Na buɗe baki zan ce eh, wutar unguwar ce. Kawu ya riga ni.

"Ni nake zarewa," ya ce. "Daga bango."

Mai gyaran ta jawo akwatin gabanta. Ta kwance faifan, wani ɗan ƙarfe kamar tafin hannu, ta jona shi da tata kwamfutar. Ya yi ƙas-ƙas, ya yi shiru, ya sake yi, sannan sunayen fayilolin suka fito. Ta ce, "Ya tashi. Daga yanzu kada kowa ya taɓa komai a teburin nan. In ya tsaya, ba lallai ya sake tashi ba."

Kawu ya nuna mata dogon, ya ce shi za a fara ɗauka. Ta gwada. Layin da ke nuna tafiyar aikin ya ɗan matsa, ya cije. Faifan ya shiga kuka, irin kukan da ko ni da ban san inji ba na san ba na lafiya ba ne. Ta dakatar, ta sake gwadawa, ya cije a wuri ɗaya. Ta cire tocilar daga goshinta ta juyo.

"Baba, wannan yana kan inda ya fi lalacewa. In na nace masa, wataƙila ya fito, wataƙila kuma allurar ta ƙarasa a kansa mu rasa duka. In na fara da ƙananan, su za su fito, amma ban san ko zai kai mu dawo kan wannan ba. Kai za ka zaɓa."

Na so in sa baki, na ga ba hurumina ba ne. Kawu ya dubi faifan, ya dubi mayafin da ke ninke a cinyarsa.

"Ƙananan na yara ne," ya ce. "Don su ta zauna ta yi. Wancan mantuwa ce ta yi. Fara da na yaran."

Na sha ganin mutane suna jiran sakamako a asibiti, amma ban taɓa ganin jira irin na Kawu a kan bencin nan ba. Faifan na kuka a gabansa, tazarar hannu ɗaya, ga filogi a jikin bango daidai kafaɗarsa. Duk lokacin da ƙarar ta sauya sai in ga kansa ya karkata, hannunsa na dama ya ɗaga daga gwiwa da kansa. Sai ya mayar. Da abin ya ishe shi, sai ya tura hannuwan biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kansu, dattijo mai furfura, kamar ɗan aji ɗaya da aka hana taɓa alli. Na sayo masa ruwa bai sha ba. Masu shagon kusa suna ta ciniki da kiɗa, shi ko a jikinsa, inji ɗaya yake ji a duk layin.

Ƙananan suka yi ta wucewa ɗaya bayan ɗaya, wasu da sauri, wasu da jan ƙafa. Rana ta karkata kafin na ƙarshe ya wuce. Mai gyaran ta ce sun fito duka, sai biyu da suka ɗan guntule. Sannan ta koma kan dogon. Layin ya matsa, ya wuce inda ya cije ɗazu, har na fara murna. Faifan ya yi ƙas, ya yi ƙas, ya yi wani ɗan siririn fito, ya yi shiru.

Kawu ne ya fara sani. Tun kafin ta kai hannu ya ce, "Ya tsaya." Ta cire ta mayar, ta sauya wayar da ta jona shi da ita, ta sauya mazauni, ta kara shi a kunne. Ta ce abin da ya shigo bai kai a buɗe ba, kuma ita iyakarta ke nan. Akwai masu buɗe faifai a wasu manyan wurare, amma yadda ta ji allurar ta karce shi, ba za ta sa masa rai ba. Kawu ya zaro hannuwansa, sun yi fari don danniya. Ya yi mata godiya sosai, ya ce ta iya aikinta. Ya roƙi a ba shi mataccen faifan, ta sa masa a leda.

A mota, da muka kusa gida, ya juyo gare ni. Ya ce, "Shi ne na farko da ya mutu ina zaune." Na ce ai ba laifinsa ba ne, faifan dama ya tsufa. Ya ce in kula da hanya.

An sa wa kwamfutar sabon faifai, aka zuba muryoyin yaran a ciki. Abin da Auta ta sa yana tashi da rana ya yi gurnaninsa ya gama, ba mai taɓa shi. Jikoki sun sami labaransu. Mita ya ɗauke ƙafa na ɗan lokaci, daga baya ya dawo, yanzu maganin ciwon gwiwa ya ƙware a kai. Kawu ya sayo roba ya gyara famfon kicin. Tsohon faifan yana cikin ledarsa a kan tebur, ƙarƙashin mayafi.

Ranar hutuna da ta wuce na same shi a kujerarta, kwamfutar a rufe. Na auna jininsa, na yi masa faɗan gishiri. Ina haɗa kayana ya ce in zauna in ji wani abu. Sai ya fara karanto mini dogon fayil ɗin nan da ka, tun daga ƙarar kujera. Ya kwaikwayi kakkaɓar wanki da tafin hannu a gwiwa. Ya rera abin da take rerawa. Ya faɗi maganar famfo da irin jan muryarta, ya ba kansa amsa, ya faɗi tata. Inda aka yi shiru ya yi shiru, daidai tsawonsa, ina zaune ina kallon agogon hannuna. Kunnen da ya riƙe kukan injina shekara talatin bai yar da ko tari ɗaya ba. Ya yi girgizar firij da leɓe, ya ja silifas ɗinsa a ƙasa, ya ce, "Injiniya, zauna."

Sai ya tsaya. Na jira.

"Nan sai ta yi dariya," ya ce. "Na gwada, na gwada. Ita ce ban iya ba."

Na ce ko akwai irinta a cikin na yaran. Ya girgiza kai, ya ce duk ya bi su, a can dariyar aji take yi. Daga kicin firij ya tashi da girgizarsa. Kawu ya karkata kai yana saurare, hannuwansa a kan gwiwa, har ya gama ya lafa.